Duwatsun sama da bunƙasar dabbobin farko: sanadi ne, ko faɗuwa ce ta zo daidai da zama?

A kudancin Suwidin, kusa da tafkin Vänern, akwai wani tsauni mai suna Kinnekulle. A jikinsa mahaƙar Thorsberg take, inda ake haƙo irin dutsen nan da ake ƙonawa a yi siminti, sai dai nasu ja-ja ne kuma yana goguwa sumul, don haka falle-falle suke yanka shi su sayar wa masu daɓen gida da matakala. Jefi-jefi zarto kan ratsa wani baƙin tabo a tsakiyar falle, wani kamar ƙwallon goriba, wani ya kai dunƙulen hannu, gefensa kuma launin dutsen ya koɗe kamar inda ruwan bilic ya ɗiga a atamfa. Ba mai son tabo a daɓensa. Shekara da shekaru ma'aikatan wurin juji suke kai irin waɗannan fallayen.

Ashe dukiya suke zubarwa. Tabon nan dutsen sama ne, wato gutsuren da ya faɗo daga sararin samaniya ya nutse a wani teku da ya taɓa rufe wurin, laka ta binne shi, lakar kuma ta daskare ta zama dutse. Daga 1992 wani mai sha'awar duwatsu, Mario Tassinari, da masanin ƙasa Birger Schmitz suka shirya da ma'aikatan cewa duk fallen da ya zo da tabo a ajiye musu. An tara sama da 130. Kusan dukkansu iri ɗaya ne, kuma duk a shimfiɗun da shekarunsu ke tsakanin miliyan 466 da 468 aka same su. A cikin fallayen nan dai, wani lokaci dab da tabon, akan ga ɓawon wata dabbar teku mai hannuwa barkatai, ɓawon miƙaƙƙe kamar ƙahon da aka warware. Dabbar da dutsen sun kwanta a laka guda.

Daga nan gardamar ta taso. Zamanin da duwatsun suka yi ta zubowa ya faɗa cikin zamanin da dabbobin teku suka yi wata irin yaɗuwa da ba su taɓa yin kamarta ba. Shin zubowar ce ta jawo yaɗuwar? Magana ce ta sababi, ba ta wanda ya yi halitta ba. Manomin da ya san Mai ba da ruwa ai bai fasa duban gabas idan hadari ya haɗo.

Kafin 1980 masanin da ya danganta wani babban sauyi a tarihin halittu da dutse daga sama, dariya ake masa. A shekarar ce Luis Alvarez da ɗansa Walter suka nuna cewa wata siririyar laka a Gubbio ta Italiya, wadda kaurinta bai fi na yatsa ba, cike take da ƙarfen iridiyom, wanda ya yi ƙaranci a ɓawon ƙasa amma yake da yawa a duwatsun sama. Lakar tana daidai kan iyakar da dainaso suka ɓace, shekara miliyan 66 da suka wuce. Suka ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama ya hallaka su. A 1991 aka tabbatar da ramin da ya haƙa, Chicxulub, binne a ƙarƙashin Yukatan ta Meziko, faɗinsa kusan kilomita 180. Kashi uku cikin huɗu na jinsunan halittu suka tafi. Bayan tafiyarsu kuma dabbobi masu shayarwa, waɗanda a da suke raɓe-raɓe, suka sami fili suka baje. Tun daga nan duk wanda ya ga wani sauyi a shimfiɗun duwatsu sai ya hau neman rami. Aka kuma juya tambayar: idan dutse na iya share fili, ko shi ne ya share wa dabbobin farko nasu filin?

Sai an san wace bunƙasa ake nufi, don ba ɗaya ba ce. Duniya ta kai shekara miliyan 4,540, kuma fiye da shekara miliyan 3,000 rayuwar da ke cikinta duk ta ƙananan halittu ce, mafi yawansu ido ba ya gani. Manyan jikkuna sun fara bayyana a zamanin Idiyakaran, wanda ya faro shekara miliyan 635 da suka wuce ya ƙare a 539. Sunan daga tuddan Ediacara na kudancin Ostiraliya aka samo shi, inda Reg Sprigg ya tsinci sawun wasu halittu masu laushin jiki a 1946. Akwai Dickinsonia a cikinsu, abu shimfiɗaɗɗe mai layi-layi kamar faifai, wata ta zarce mita guda, ba baki ba ƙafa. An daɗe ana musu ko dabba ce, har 2018 da aka samu ragowar kitsen kolestarol a jikin wasu da aka tono a gaɓar Farin Teku ta Rasha, masu shekara miliyan 558, kitsen da aka san dabbobi da shi. Bayan wannan zamani sai Kambiriyan, inda ido da ƙafa da ɓawo da haƙori suka bayyana. Sai kuma Odobishiyan, zamanin duwatsun Kinnekulle, daga miliyan 485 zuwa 444, inda ba sababbin fasali aka samu sosai ba, fasalin da ake da su ne suka yi rassa, har dangogin dabbobin teku suka ninka kusan sau uku.

Ramin Acraman

A tuddan Gawler na kudancin Ostiraliya akwai wani busasshen tafkin gishiri mai suna Acraman, kusan da'ira, faɗinsa wajen kilomita 20. Masanin ƙasa George Williams ya lura da zagayensa a hotunan tauraron ɗan'adam, ya je ya tarar da duwatsun wurin a farfashe irin fashewar da aman wuta ba ya yi. A gefe guda kuma Victor Gostin na Jami'ar Adelaide yana fama da wata matsala a tsaunukan Flinders, kilomita 300 gabas da can. A tsakiyar wata laka mai laushi ta ƙasan teku, wadda ruwa mai natsuwa ya kwantar, sai ga wani siririn layi na jajayen tsakuwoyi masu kaifin baki, irin dutsen da babu shi a kusa ko kaɗan. Da aka auna su, sai aka tarar 'yan uwan duwatsun Gawler ne, masu shekara kusan miliyan 1,590. Ta sama suka zo, suka faɗa teku. A 1986 mutanen biyu suka wallafa bincikensu a mujallar Science. Williams ya ƙiyasta cewa ramin asali ya kai kilomita 85 zuwa 90 kafin zaizayar ƙasa ta cinye shi, dutsen da ya haƙa shi kuma kusan kilomita 5.

Wannan layin tsakuwa ya zama kamar zaren da aka sa a littafi don kada shafi ya ɓace: duk inda aka gan shi, an san rana ɗaya ce. Kathleen Grey, mai nazarin burbushin ƙananan halittu a Yammacin Ostiraliya, ta bi shi a cikin duwatsun da injin haƙa ya zaro daga ƙarƙashin ƙasa. Abin da take ƙirgawa wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna ne da ake kira akritak, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, yawancinsu kuma ana ɗaukar na gansakukar teku ne. Ƙasa da layin, jakunkunan sumul suke, iri kaɗan. Sama da shi sai ga manya masu ƙayoyi kamar ƙarangiya, fiye da iri 50 sababbi. A 2003 ita da Malcolm Walter da Clive Calver suka ce mai yiwuwa ƙurar Acraman ta rufe rana, halittun da ke cin haske suka mutu, waɗanda ke iya ƙudundunewa cikin jaka su jira suka tsira suka gaji tekun. Sabuwar cimar da suka samar kuma ta share wa dabbobi hanya. Ba a daɗe ba, a lissafin masana ƙasa, manyan jikkunan farko suka bayyana a Newfoundland ta Kanada, wajen shekara miliyan 574.

Labari ne mai daɗin ji, kuma biri ya yi kama da mutum. Amma ni dai ban saye shi ba, kuma dalilina na farko daga Sin ya fito. A shimfiɗun Doushantuo na kudancin ƙasar an samu waɗannan masu ƙayoyin dab da wata tokar aman wuta da aka auna ta kai shekara miliyan 632. Acraman kuwa ana sa shi ne tsakanin 580 da 590. Wato masu ƙayoyin sun riga dutsen zuwa duniya da sama da shekara miliyan 40. Abin da Grey ta gani na iya zama isowarsu tekun Ostiraliya, ba haihuwarsu ba. Ɗa ba ya girme wa ubansa.

Sannan shekarun Acraman ɗin ma ƙiyasi ne daga matsayin layin a cikin shimfiɗu, ba awo ne kai tsaye ba. Kuma wajen miliyan 580 ɗin nan cunkushe yake da masu neman a ce su ne: akwai zamanin ƙanƙara na Gaskiers, akwai alamun iskar oksijin ta fara ratsa zurfin teku bayansa, ga kuma duniyar ba ta daɗe da fitowa daga daskarewar da ta rufe ta kusan baki ɗaya ba, wadda ta ƙare a 635. Dabba mai babban jiki ba ta rayuwa sai da oksijin. Dutse daga sama kuwa ba ya kawo shi.

Akwai kuma batun girma. A Quebec ta Kanada akwai ramin Manicouagan, a Saiberiya akwai Popigai, kowanne wajen kilomita 100, wato sun kai Acraman ko sun fi shi. Babu wanda ya bar gagarumar mutuwa a faɗin duniya. Manicouagan ma darasi ne. An daɗe ana zarginsa da kashe-kashen ƙarshen zamanin Tirayasik, shekara miliyan 201 da suka wuce, don a ido lokacinsu ya yi kusa. Da aka auna narkakken dutsen ramin da kyau sai aka samu wajen miliyan 215. Shekara miliyan 14 ke tsakani. Aka sallame shi.

Da yake duk shari'ar a kan agogo ta rataya, bari in ɗan tsaya a kansa. Idan dutse ya yi aman wuta, tokarsa na ɗauke da wasu 'yan ƙwayoyi masu suna zirkon, ba su kai ƙwayar gero ba. Zirkon yana karɓar yuraniyom lokacin da yake daskarewa, amma ba ya karɓar dalma. Yuraniyom kuwa a hankali yake rikiɗa ya zama dalma, a kan ƙa'idar da zafi ko sanyi ba sa canzawa. Nau'insa mafi yawa sai ya shekara miliyan 4,470 kafin rabinsa ya rikiɗe. Saboda haka duk dalmar da aka samu a cikin ƙwayar a ciki aka haife ta, kuma yawanta ne ke faɗin shekarun tokar. Inda aka yi sa'a toka ta kwanta kusa da abin da ake nema, kuskuren awon bai wuce 'yan dubban ɗaruruwan shekaru ba. Inda babu toka, sai kirdado. Mutum ya ga abubuwa biyu a tazarar taku ɗaya a jikin dutse ya ce tare suka faru, alhali a wuri irin Kinnekulle lakar 'yan milimita kawai take ƙaruwa a shekara 1,000.

Kambiriyan ba zai ɗauke mu lokaci ba. Ita ce bunƙasar da ta fi suna, ita ce ta ba mu dabbobin Chengjiang na Sin masu shekara miliyan 518 da na Burgess a Kanada masu 508, amma babu wani babban rami da masana suka yarda ya dace da farkonta. Masu bayaninta oksijin suke kawowa, da sinadaran da suka kwararo teku daga zaizayar nahiyoyi, da tseren da ya ɓarke tsakanin maci da abin ci.

Komawa Kinnekulle

A nan ne hujjar ta fi ƙarfi, aƙalla rabinta. Tun a shekarun 1960 masu nazarin duwatsun sama suka lura da wani abu. Kusan ɗaya cikin uku na duwatsun da ke faɗowa a zamaninmu 'yan aji ɗaya ne, ana ce musu kondirait ajin L saboda ƙarancin ƙarfensu, kuma da yawansu na ɗauke da tabon wani mugun karo. Karon ya yi zafin da ya kori iskar argon da ke cikinsu, agogonsu ya koma sifili, kuma idan aka karanta agogon yana nuna wajen shekara miliyan 470. Ma'ana uwa ɗaya ce ta haife su: wani ƙaton dutse mai faɗin kusan kilomita 150 da ke zagaya rana tsakanin duniyar Mas da Jufita, wani ya buge shi ya tarwatse. Duwatsun Thorsberg 'yan wannan ajin ne, in ban da guda ɗaya da bai yi kama da kowane dutsen sama da aka sani ba, wanda ake zaton ɓallin mai bugun ne.

Schmitz bai tsaya ga abin da zarto ya ci karo da shi ba. Dutsen sama da ya shekara miliyan ɗaruruwa a laka, kusan duk ma'adinansa sun ruɓe sun zama wani abu, sai wata baƙar ƙwaya mai taurin kai, kuromait. Sai ya riƙa narkar da dutsen mahaƙar a ruwan asid, buhu bayan buhu, yana tace abin da ya rage yana tsintar ƙwayoyin ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin madubi. A shimfiɗun ƙasa sai ya narkar da kilo 100 kafin ya samu ƙwaya ɗaya ko biyu. Daga wani layi zuwa sama kuwa, kowane kilo guda na ba da ɗaya zuwa uku. Ninki 100 ke nan. An je Rasha an samu haka, an je tsakiyar Sin an samu haka, a daidai wannan matsayi.

Hujjar da ta fi burge ni ita ce ta tsawon tafiya. Gutsuren dutse da ke yawo a sarari yana shan wani haske mai ƙarfi da ke haifar da wasu sinadarai a jikinsa, yawansu kuma na nuna tsawon lokacin da ya yi a hanya. Dutsen Zagami, wanda ya faɗo a ƙasar Katsina a watan Oktoban 1962 da nauyin kilo 18, ɓallin duniyar Mas ne da wani karo ya cillo, kuma ya yi wajen shekara miliyan 3 yana gararamba kafin ya sauka. Yawancin duwatsun sama ma sun fi shi daɗewa a hanya. Na Thorsberg fa? A 2004 Philipp Heck da abokansa suka auna. Na shimfiɗar ƙasa shekara 100,000 kacal suka yi, na sama da su sun fi haka, na can sama kusan miliyan guda. Kamar ayarin da ya tashi daga zango ɗaya a rana ɗaya: na gaba ya iso da wuri, na baya ya iso da ƙura. A kan cewa an yi fashewar, kuma ta yi wa duniya ruwan duwatsu, ban ga abin musu ba. Ramuka irin su Lockne a Suwidin da Kärdla a Istoniya ma na 'yan shekaru miliyan bayan nan ne.

Sauran rabin ne matsala. A 2008 Schmitz da David Harper da wasu suka jera ƙwayoyin kuromait kusa da ƙirgen burakiyofod, wasu dabbobi masu ɓawo biyu da suka cika ƙasan tekun wancan zamani, suka ce yawan jinsunan ya yi tsalle daidai inda ƙwayoyin suka yi tsalle. Bayaninsu shi ne bugu matsakaici, mai yawan maimaituwa, ba ya ƙare rayuwa, sai dai ya hana mai ƙarfi ɗaya ya mamaye ko'ina. Wanda ya taɓa ganin daji bayan gobarar kaka ya san abin da suke nufi: inda gamba ta danne komai, bayan wuta da ruwan fari sai ka ga ciyawa iri-iri ta tsiro.

Martanin daga cikin gida ya fito. A 2017 Anders Lindskog, shi ma na Jami'ar Lund inda Schmitz yake a lokacin, ya tsinci zirkon a cikin shimfiɗar da ke ɗauke da duwatsun saman, aka auna aka samu shekara miliyan 467.5. Da aka gyara jadawalin da wannan adadi, sai ya nuna dabbobin sun riga sun fara yaɗuwa aƙalla shekara miliyan 2 kafin duwatsun su iso. Abin da ya ci Acraman ke nan ya biyo Kinnekulle.

Schmitz bai miƙa wuya ba. A 2019 ya dawo da wata hanya, wannan karon ba manyan duwatsu ba, ƙura. A yau ma tan dubbai na ƙurar sama ke sauka duniya kowace shekara ba tare da kowa ya lura ba. Bayan fashewar, in ji shi, ƙurar ta ninka sau 1,000 ko fiye, ta yi wajen shekara miliyan 2 tana tare wani ɓangare na hasken rana. Duniya ta huce, ƙanƙara ta taru a kudu, ruwan teku ya ja baya. Ya nuna shaida a jikin tsaunin: dab da inda ƙurar ta fara, jan dutsen ya koma toka-toka mai tsakuwar ɓawo, shimfiɗar da mahaƙan wurin ke kira Täljsten, alamar ruwan ya yi ƙasa. Sanyin da ya zo a hankali bai kashe ba, sai ya raba tekun da a da ɗumi ɗaya ne zuwa shiyyoyi, mai zafi da matsakaici da mai sanyi, kowace shiyya ta reni nata jinsunan.

Wannan bayanin ya fi na 2008 ma'ana, don sanyi kam kusan kowa ya yarda yana da hannu. Sai dai sanyin bai jira ƙura ba. A 2008 ɗin dai Julie Trotter ta auna oksijin da ke cikin haƙoran konodon, wasu 'yan halittu masu kama da gwando, ta nuna cewa a farkon Odobishiyan ruwan tekun wurare masu zafi ya kai kusan digiri 40, yana ta saukowa sannu a hankali har ya kai irin na yau a tsakiyar zamanin. Saukowar ta faro miliyoyin shekaru kafin fashewar. Ƙananan halittu masu yawo a ruwa, waɗanda su ne tushen cimar teku, tun ƙarshen Kambiriyan suka fara yawaita. Nahiyoyi a lokacin a warwatse suke, kowace da tekunta marar zurfi, ruwa kuma ya hau tudu fiye da kusan kowane zamani. Masana irin su Thomas Servais, har da Harper da aka yi takardar 2008 da shi, sun koma cewa abin da ake kira bunƙasar Odobishiyan ba aukuwa ɗaya ba ce, tarin bunƙasa ne da suka faru a wurare daban-daban a lokuta daban-daban. In haka ne, neman mata rana ɗaya da sanadi ɗaya kamar neman ranar da kasuwar Kurmi ta cika ne. Iyakar abin da zan ba ƙurar Schmitz shi ne ta tura motar da ta riga ta kama gangara. Turin na iya zama na gaske, kuma a tekun da ya rufe yankin Kinnekulle a lokacin, ƙila ya yi tasiri sosai.

A 2024 aka ƙara wa miyar gishiri. Andrew Tomkins na Jami'ar Monash ya ɗauki ramuka 21 na wannan zamani ya mayar da kowanne inda nahiyarsa take a lokacin, sai ya ga duk suna cikin digiri 30 daga ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, alhali mafi yawan ƙasar da za ta iya adana rami tana wajen wannan ɗamara. Ya ce ƙila dutsen ba can nesa ya fashe ba, kusa da duniya ya gifta, jan duniya ya yayyaga shi, tarkacen ya zama zobe irin na Satun, yana zubowa kaɗan-kaɗan yana kuma yi wa ƙasa inuwa. Jaridu sun so labarin ƙwarai. Amma ramuka 21 ba yawa ba ne, shekarun wasunsu ma da faɗi aka ƙiyasta su. Kuma a shekarar dai Michaël Marsset da abokansa suka nuna cewa wani gungun duwatsu da ke tsakanin Mas da Jufita, dangin Massalia, kayan jikinsu ya dace da kondirait ajin L, wato ragowar uwar na nan inda aka ce ta fashe. Labaran biyu ba sa zama a tabarma ɗaya cikin sauƙi.

Tomkins ya ƙara da cewa inuwar zoben na iya zama cikin abin da ya kai duniya ga tsananin sanyin ƙarshen Odobishiyan. Wannan sanyin kuwa ba reno ya yi ba. Wajen shekara miliyan 445 da suka wuce ƙanƙara ta lulluɓe babbar nahiyar Gondwana, tekuna marasa zurfi suka janye, kusan kashi 85 cikin 100 na jinsunan teku suka hallaka, ciki har da ɗimbin burakiyofod ɗin da aka yi ta ƙirgawa. Ƙarshen kudu na duniya a lokacin a kan yankin da ya zama arewa da yammacin Afirka yake. A tuddan Djado na jihar Agadez a Nijar, da Tassili ta Aljeriya, har yau akwai shimfiɗaɗɗun duwatsu masu dogayen ƙarce a jere, inda tulin ƙanƙara ya ja tsakuwa a kansu yana tafiya, a wurin da yanzu rana ke hana mutum taka dutsen ba takalmi. Tsakanin layin kuromait na Kinnekulle da wannan ƙarcen akwai shekara miliyan 20 da ɗoriya, ƙurar kuwa a lissafin Schmitz kansa miliyan 2 ta yi tana sauka.